Babur ɗin Baba da kakansa Bajamushe

Mai karatu, ko ka taɓa zama a wurin rabon gado ka ga abu ɗaya tak ya gagari mutane? An yi wa gida kuɗi, an yi wa gona kuɗi, har tabarma da buta an san inda za su nufa. Sai a zo kan wani abu wanda in ka kai shi kasuwa ba a bakin komai yake ba, amma zuciya ta ƙi sakin sa. To mu a gidanmu wannan abin babur ne.

Baba, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya rasu a 2021. Bayan an share makoki muka zauna a gidanmu na Bichi tare da malamin da zai raba mana gado. Babur ɗin yana can ƙuryar soro, an lulluɓe shi da tsohon buhu tun 1998, shekarar da ciwon ƙafa ya hana Baba buga kik. Tayoyi sun sace sun tsattsage, ɓera ya cinye soson kujera, kaza ta mai da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai. Yayanmu ya aika aka kira mai sayen gwangwan. Mutumin ya zo, ko kallon tambarin da ke jikin tanki bai yi ba, ya ɗaga bayan babur ɗin ya ji nauyinsa, ya taya. Wallahi kuɗin bai kai na buhun masara ba.

Na ce, "Yaya, don Allah a saka mini shi cikin rabona."

Ya dube ni ya yi dariya. "Kai kuma me za ka yi da wannan tarkacen? Da motarka da komai?"

Ba ni da amsar da zan ba shi. Malam ya ce tunda akwai haƙƙin mata da ƙanana a ciki, dole a yi masa kuɗi. Na ninka abin da mai gwangwan ya taya, aka cire daga kasona. Aka ɗora shi a bayan a-kori-kura muka taho Kano. Da uwargida ta gan shi a ƙofar gida, cewa ta yi, "Ikon Allah! Wasu na dawowa daga rabon gado da gona, kai ka dawo mana da bola."

Bari in gaya maka ko wane irin babur ne. Baba malamin firamare ne. In ka haura shekara hamsin, ba sai an gaya maka mene ne Udoji ba. Ga 'yan baya kuwa, a 1974 ne wani kwamiti ƙarƙashin Cif Jerome Udoji ya ba gwamnatin Janar Gowon shawarar ƙara wa ma'aikata albashi, aka kuma biya su har da ariyas a farkon 1975. Ma'aikata suka bazama kasuwa, mai sayen rediyo na yi, mai ƙara aure na yi. Baba ya jingine kekensa Raleigh, ya tafi Kano ya dawo da Yamaha ja, sabo fil. A takarda sunansa YB100, a bakin mutane kuwa Yamaha handired.

Shekarata biyar a lokacin. Ni ne a kan tanki, Yaya a baya ya ƙanƙame rigar Baba. Haka muke zuwa masallacin Juma'a, haka muke zuwa gona, haka aka kai ni asibiti ranar da na faɗo daga kan bishiyar mangwaro. Kukansa siriri ne mai kaifi, in Baba ya saki totur sai ya koma wani irin "din-din-din", ga shuɗin hayaƙi yana bin mu a baya. Inna ta san wannan kukan tun daga bakin kasuwa. Da ta ji shi za ta miƙe ta fara zuba tuwo.

Da na girma sai babur ɗin ya zame mini abin alfahari, har da raina na wasu. A farkon shekarun 2000, lokacin da baburan China suka cika Kano a hannun 'yan acaɓa, nakan taɓe baki in ce, "Waɗannan ai kwafi ne. Na Baba shi ne orijina, ɗan Japan." Na fi shekara ashirin ina wannan maganar, ban san jahilci nake yi ba.

Mako biyu da dawowa na kai shi wurin wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ruwa, wanda tun yana yaron gareji yake duba wa Baba shi. Idonsa ya yi rauni, yaransa duk sun koma gyaran Adaidaita Sahu. Ya shafa tankin da tafin hannu, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan Malam, ashe yana nan? Allah Ya jiƙan mai shi. Ajiye, za a tashe shi."

Na ce, "Baba, anya kuwa? Shekara ashirin da uku bai yi tari ba."

Ya ce, "Mai taku biyu ba ya mutuwa, sai dai ya yi barci. Me ke cikinsa da zai mutu?"

Ya kwance injin a gabana ya baje shi a kan buhu, abin da ya rage na gane shi ne ba yawa. A nan na fahimci me ake nufi da inji mai taku biyu. Ka san a cikin kowane injin babur akwai fistin da ke hawa da sauka a cikin silinda. A injin motarka, ko na Boksa da ake hawa yanzu, sai fistin ya yi taku huɗu kafin fulogi ya ba da wuta sau ɗaya: ya sauka ya zuƙi mai da iska, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Don haka yana buƙatar bawul masu buɗewa da rufewa, da sandar da ke danna su, da abin da ke juya sandar. Shi kuwa mai taku biyu duk ya yar da wannan. Ramuka ne kawai aka huda a jikin silinda, fistin da kansa yake buɗe su yana rufe su. In zai hau, yana matse mai a samansa, a lokaci guda yana zuƙo sabo a ƙarƙashinsa, cikin akwatin karanshaf. Wuta ta tashi ya sauko, ya buɗe ramin salansa hayaƙi ya fita, ya kuma tura sabon man nan ta wasu hanyoyi na gefe ya koma sama. Hawa ɗaya, sauka ɗaya, an gama. Duk juyi ɗaya wuta ɗaya. Shi ya sa ga shi ɗan ƙarami mara nauyi amma da zafin nama, shi ya sa kuma kukansa ya fi na sauran sauri.

Amma kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba. Tunda fetur yana bi ta cikin akwatin karanshaf, ba dama a tara baƙin mai a wurin kamar yadda ake yi wa mota. Dole man shafawar ya bi fetur ya shiga, ya shafi ƙarafa, ya ƙone tare da shi. Wannan man shi ne muke kira tuti, kuma shi ne asalin shuɗin hayaƙin nan. Sannan tunda ƙofar shiga da ta fita suna buɗe a lokaci guda, wani ɗanyen fetur ɗin yakan bi hayaƙi ya fice ta salansa ba tare da ya yi aikin komai ba.

Dattijon ya nuna mini abubuwa biyu da ya ce su ne kwalliyar wannan babur. Na farko ɗan famfon da ke auna tuti daga nasa tankin na gefe ya zuba wa inji daidai da yadda ka murɗa totur, ba sai ka tsaya gidan mai kana gauraya da gwangwani ba. Na biyu kafireto, wanda ba a bayan silinda yake ba, yana ɓoye a gefen inji cikin murfi, da wani siririn faifai mai gibi da ke juyawa tare da karanshaf yana buɗe wa mai hanya a daidai lokacin da ya dace. Ya ce, "Kanikawa da yawa cire famfon nan suke yi su ce a zuba tuti a tanki. Malam bai taɓa yarda ba. Cewa yake wanda ya sa shi ba mahaukaci ba ne."

Fistin da ringi ne suka ba mu wahala. Ɗana na biyu, mai shekara goma sha bakwai, shi na sa ya riƙa duba mana awonsu a waya. Wata rana da daddare ya shigo yana murmushi ya ce, "Abba, ka san babur ɗin farko da Yamaha suka yi kwafi ne?" Na ce ya daina shirme. Ya miƙo mini wayar. Daren nan ban yi barci da wuri ba, kuma abin da na yi ta karantawa daga ranar shi zan taƙaita maka.

Labarin ya fara ne a wani ƙaramin gari mai suna Zschopau a yankin Saxony na ƙasar Jamus. A can wani mutumin Denmark, Jørgen Skafte Rasmussen, ya kafa kamfanin DKW, wanda zuwa ƙarshen shekarun 1920 babu kamfanin da ya kai shi ƙera babura a duniya. A 1932 DKW ya haɗe da Audi da Horch da Wanderer suka zama Auto Union. Zobba huɗun nan da kake gani a goshin motar Audi, ɗaya na DKW ne.

Kafin lokacin, babbar matsalar inji mai taku biyu ita ce yadda za a hana sabon mai bin hayaƙi ya gudu. Dabarar da ake yi ita ce a yi wa fistin tozo a ka don ya karkatar da man sama. Tozon yana ƙara nauyi, yana kuma tara zafi. Wani injiniya Bajamushe, Adolf Schnürle, ya fito da wata hanyar: a bar kan fistin a shafe, a karkata ramukan shigar mai ta yadda zai bugi bangon baya, ya hau sama, ya kewayo ya share hayaƙi ya tura shi waje. DKW ya sayi izinin amfani da wannan dabara a farkon shekarun 1930. A kanta babban mai zanen kamfanin, Hermann Weber, ya gina wani ɗan babur da aka fito da shi a 1939, mai suna RT 125. Injinsa cc 123, giya uku a cikin akwati ɗaya da inji, ƙarfinsa bai cika doki biyar ba. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, ba shi da wuyar gyara. Babur ne na ma'aikaci da ɗan aike.

A shekarar da ya fito aka fara Yaƙin Duniya na Biyu. Da Jamus ta sha kashi a 1945, waɗanda suka ci yaƙi suka kwashi abin da suka kwasa a matsayin diyya, har da zane-zanen masana'antu, haƙƙin mallakar fasahar Jamusawa kuma ya faɗi. Zschopau ya faɗa ɓangaren Tarayyar Sobiyet. Suka kwance injinan masana'antar suka yi gaba da su, suka tafi da shi kansa Weber, can ya rasu a 1948. Ba da jimawa ba RT 125 ya bayyana a Mosko da sunan M1A, ya bayyana a garin Kovrov da sunan K-125. A Amurka, kamfanin Harley-Davidson, wanda aka sani da manyan babura masu rugugi, ya fitar da nasa a 1948, daga baya aka san shi da Hummer. A Ingila ma a 1948 kamfanin BSA na Birmingham, wanda asalinsa maƙerin bindigogi ne, ya fitar da Bantam, sunan wani jinsin ƙananan kaji. Su Ingilishi sai suka juya zanen kamar a madubi, don abin canza giya ya koma ƙafar dama yadda suka saba. Yaran gidan waya masu kai telgiram sun yi shekaru suna hawan jajayen Bantam, kuma ba a daina ƙera shi ba sai 1971. Su ma Jamusawan ba su bari ba: a Yamma aka ci gaba da yin sa a Ingolstadt, a Gabas kuma a tsohon gidansa, inda daga 1956 kamfanin ya koma MZ. Shi ya sa ake ce masa babur ɗin da aka fi kwaikwaya a tarihi.

To ina Yamaha a ciki? A lokacin babu wani kamfanin babur mai wannan suna. Akwai dai Nippon Gakki na garin Hamamatsu, masu ƙera fiyano da sauran kayan kiɗa, wanda Torakusu Yamaha ya assasa bayan ya gyara wata molon iska ta makaranta a 1887. Lokacin yaƙi an sa su ƙera farfelar jiragen sama. Da yaƙi ya ƙare injinan suka zauna ba aiki, sai shugaban kamfanin, Genichi Kawakami, ya yanke shawarar a gwada babur. Japan ba ta cikin masu karɓar diyya, ita ma kayar da ita aka yi. Abin da suka yi shi ne suka sa RT 125 a gaba suka yi masa karatun ta-natsu. A 1955 suka fitar da YA-1, cc 123 kamar na Weber. Sai dai sun mai da giyarsa huɗu, sun yi masa aiki mai tsabta irin na masu ƙera fiyano, sun kuma shafa masa fenti ja mai duhu a zamanin da kusan duk babura baƙaƙe ne. Mutanen Japan suka laƙaba masa Akatombo, wato jan mazari, ƙwaron nan mai dogon jiki da ke shawagi a bakin tafki. A shekarar ya ci tseren hawan Dutsen Fuji, ya kuma kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a tseren Asama. Ranar 1 ga Yuli, 1955 aka ware sashen babur ya zama kamfani mai zaman kansa. Har yau in ka dubi tambarin Yamaha za ka ga ƙarafa uku masu baki biyu sun gitta juna. Abin da masu gyaran fiyano ke bugawa ne don daidaita sauti. Fiyanon da aka yi ta buga waƙoƙin finafinanmu da shi da babur ɗin malaman firamare, ashe tsatsonsu ɗaya.

Daga nan suka riƙa ƙari. Faifan nan mai gibi da dattijo ya nuna mini, sun fara sa shi a 1961, dabarar kuma an goge ta ne a baburan tsere na MZ a hannun injiniya Walter Kaaden, a wannan gari dai na Zschopau. A shekarar ce ma ɗan tseren MZ, Ernst Degner, ya tsere daga Jamus ta Gabas ya koma Suzuki da abin da ya sani, a 1962 ya ci musu kambun duniya na ajin cc 50. Famfon tuti kuwa, wanda suka kira Autolube, Yamaha sun fito da shi a 1964. Kafin a zo kan YB100 na Baba a farkon shekarun 1970, kamanni sun canza ƙwarai, har ba za ka ce ga jikan wane ba. Amma in ka buɗe ciki, fistin mai shafaffen kai ne, da ramuka a karkace, yadda Schnürle ya tsara.

Ka ga ke nan orijinan da na yi ta tunƙaho da shi, kakansa Bajamushe ne. Jincheng AX100 da 'yan acaɓa suka fi hawa kuwa daga Suzuki AX100 aka ɗauko fasalinsa, wato ya bi hanyar da na gaba da shi suka bi. Abin da na koya shi ne ɗauka ba ita ce abin kunya ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, gaskiya ne, muddin ka bar shi a matsayin aro. Mutanen Hamamatsu sun kwance abin da suka ara har sai da suka gane dalilin kowane rami, sannan suka tambayi kansu ina ya gaza, suka ƙara giya, suka ƙara famfo. A nan aro ya zama nasu. Duk mai sana'ar da ya taɓa ɗauko wani abu daga wata ƙasa, ko maƙeri ne ko marubuci, tambayar da za a yi masa ke nan: ka gane shi, kuma me ka ƙara?

Kada ka ɗauka ina kukan a dawo da zamanin hayaƙi. Wanda ya tsaya a danjar Ƙofar Nassarawa da yamma a shekarun acaɓa ya san yadda ido ke yaji, riga ta koma warin tuti. Shan mai da hayaƙin nan su suka kashe kasuwar mai taku biyu, ƙasashe suka tsaurara dokokin gurɓata iska, kamfanoni suka koma taku huɗu. A Kano kuma, da gwamnati ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, sai kukansa ya ƙara yin nisa. Ya yi zamaninsa ya wuce. Abin da ke damuna shi ne mutane irin dattijon nan, wanda zai haɗa maka injin da lalube, ya gane ciwonsa daga kuka kawai. Ba wanda ya zauna ya koya daga gare shi, ba wanda ya rubuta. Ranar da ya tafi, da iliminsa zai tafi.

Wata huɗu aka yi ana neman kaya, wani a Ƙofar Ruwa, wani daga jikin wani mataccen babur. Ranar da aka gama, dattijo ya ja cok ya ce, "Ɗan Malam, kai za ka buga." Na buga sau ɗaya, shiru. Na biyu ya yi tari. Na uku ya kama, hayaƙi ya turnuƙe garejin, yara suka taru suna dariya. Ni ban yi dariya ba.

Da ƙaramar Sallah na sa aka kai shi Bichi ban gaya wa kowa ba. Na sauke shi a bakin kasuwa, na hau, na taho gida a hankali. Kafin in kashe shi a ƙofar soro sai ga Inna ta fito, ko takalmi babu. Ta tsaya tana kallon babur ɗin, ba ni take kallo ba. Na kai hannu zan kashe, ta ce, "Bar shi ya ɗan ƙara." Can ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Har na miƙe zan zuba wa Malam tuwo."

Yaya, wanda ya kira shi tarkace, shi ya fara cewa in ba shi ya zaga. Ya tafi bai dawo ba sai bayan La'asar.

Yanzu yana gidana, ɗana ne ke wanke shi, kuma duk Asabar yakan je ya zauna wurin dattijo yana miƙa masa sifana. Mai karatu, in akwai irin wannan a ƙuryar soronku, kafin ka kira mai gwangwan ka nemi tsohon bakanike tun yana da rai, ka tafi da yaro ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya kyautata namu ƙarshen.